Samarin Bayan Katangar Lailatu

Duk wanda ya zauna Dakoro ya san Lailatu, in bai san fuskarta ba ya san muryarta. Doguwa ce, baƙa, mai faɗin kafaɗa, in ta kira yarinya daga tsakar gida har masu gawayi na bakin titi sai sun waiga. A Birnin Lalle aka haife ta, gidan manoma gero. Ta taɓa lakwal, makarantar boko, kaɗan aka cire ta, ta yi aure, ta haihu, miji ya rasu, ta kwaso ɗiyanta ta shigo Dakoro ta kama shara a likita, wato asibitin garin. Daga shara ta koma riƙe wa ungozoma fitila, daga riƙon fitila ta koma karɓar haihuwa da kanta in an rasa mai yi. Rabin yaran unguwarsu ta hannunta suka faɗo duniya, shi ya sa ba ta jin nauyin ja wa kowa kunne, ko da ya yi gemu.

Da Elhaji Yakubu, wani dillalin shanu da Allah ya buɗa wa, ya gina ƙaramar makarantar koyon aikin lafiya a gefen gari, sai ya tarar da abin da bai yi tsammani ba. Samari sun cika aji, ƴan mata kuwa babu. Ba iyayen ƙauye ne ba su son ɗiyansu su zama ma'aikatan likita ba, so suke ƙwarai. Amma wa zai kai budurwarsa birni ya ajiye a hannun wanda bai sani ba? Elhaji ya gina ɗakunan kwana a kusurwar gidan, ya kira Lailatu, ya sa ta a mota. Ta bi Kornaka, ta bi Adjekoria, zaure zaure, bukka bukka, tana maimaita magana guda:

"Ku ba ni ita. Ran da kuka ga namiji ya tsaya inda take, ku zo ku ɗauki abarku, ba ni cewa uffan."

Da wannan maganar aka cika ɗakunan. Ƴan matan suna ce mata Tanti. Da magariba ta rufe ƙofa, makulli a ɗaure a bakin zanenta, ko wan yarinya ne ya zo a waje yake tsayawa. Masifaffiya ce, wannan ba a musu. Amma in ɗaya ta kwanta zazzaɓi, a gefenta Lailatu take kwana.

Bara ne maganar wifi ta taso. Littattafan makarantar kaɗan ne, manyan malaman kuma daga Maradi suke zuwa jefi jefi, sauran darussan ta salula, wayar hannu, suke aiko su. Samari suna kwana cikin gari, su sayi rezo, wato intanet, inda suka ga dama. Ƴan mata kuwa suna bayan ƙofar Lailatu, sai abin da samari suka ga damar tura musu da safe. Elhaji ya kirawo wani yaron Maradi mai haɗa irin waɗannan kaya, Mohamed, siriri mai jakar baya, ya ce ya faɗa masa yadda ake yi.

Mohamed ya ce hanya biyu ce. Ta farko, a kafa antan, wato eriya, guda babba bisa shato, tankin ruwan nan mai dogayen ƙafafu, ta watsa rezo ko'ina cikin gidan, kowa ya shiga da kod, lambar sirri, guda. Ta biyu, ƙananan akwatuna, a manna kowane a rufin ɗaki, a ja musu waya ta ƙarƙashin ƙasa, kowane rezonsa bai wuce ɗakinsa sai kaɗan. Elhaji da ya ji ta farko ba haƙa ba fasa bango, ya ce a ɗora ta a gwada, in an ga kamun ludayinta sai a zauna a yanke shawara.

To, shaton nan a ina yake? A kusurwar ƴan mata, manne da katangar baya, don nan aka samu ruwa lokacin haƙa. Ba wanda ya kawo wannan a ransa, har ita Lailatu.

Kai, ƴan matan nan sun yi murna! Da an yi isha'i sai su baje a tabarma, kowace da salularta, ana kallon yadda ake sa ƙarin ruwa, yadda ake ɗinke rauni. Mafi ƙwazo a cikinsu Zara ce, ɗiyar wani makiyayi daga ƙauyukan Adjekoria, ƴar siririya mai kaifin baki, wadda suka zaɓa delege, mai magana da yawunsu. Wata yamma Zara ta jawo Lailatu ta zaunar da ita.

"Tanti, zo ki ga aikinki."

Haihuwa ce, jariri ya taho da ƙafa, wata ma'aikaciya tana nuna yadda ake juya hannu a fito da kai. Lailatu ta ce a maido. Aka maido. Ta ce a sake. Akwai wata mata da ta mutu a hannunta shekarun baya da irin wannan haihuwar, ita da ɗan duka, kuma ga shi juyin hannu ne kawai wanda ba a taɓa nuna mata ba. Baƙin ciki ya cika ta. Ta nuna wajen antan ɗin da ke bisa shato ta ce:

"Wagga aba ba ta sauka. Ran da za a yanke shawara ina tare da ku."

Suka yi guɗa, suka rungume ta, tana ture su tana cewa su sake ta kada su karya ta.

Sai dai kod guda a hannun samarin makaranta, ai kamar a ba yaro alewa ne a ce ya ɓoye. Wannan ya ba abokinsa, abokin ya ba mai moto, ɗan haya da babur, mai moto ya ba duk ƴan tasharsu. Suka bi da salula suna laluben inda rezon ya fi ƙarfi, suka same shi a lungun bayan katanga, daidai ƙarƙashin tagar ƴan mata. Ran farko a tsaye suke. Ran na biyu aka kawo tabarma. Kafin mako ya zagayo ga butar shayi, ga gawayi, ga babura biyu biyu a jingine, fada, majalisar samari, ta kafu sosai kamar ta shekara.

Lailatu ta fita ta yi musu tas. Suka ce, "Yi haƙuri, Tanti," ko kai ba su ɗaga ba. Ta watsa musu ruwan wanke-wanke ta saman katanga, suka matsa taki kaɗan, da ƙasa ta bushe suka dawo. Mohamed ya sake kod da safe, kafin azahar sabon ya isa lungu. Ta je wurin mai unguwa, ya ce hanya ta kowa ce, ashe ɗansa ne mai butar shayin. Abin haushin, wallahi ba wanda ya taɓa ɗaga ido ya dubi tagar nan a cikinsu. Ƙwallo suke kallo da ƴan rawa. Amma mai wucewa bai san wannan ba, abin da yake gani samari ne jibge a bayan ɗakin budurwa. A wani gidan suna wata ta ce mata cikin dariya, "Lailatu, an ce kasuwa ta buɗe a bayan gidanki." Ta maida mata da wadda ta fi ta zafi, amma tuwon ranar bai wuce mata ba.

Aka sa taro ran kasuwar Dakoro da hantsi, don ranar ce Elhaji yake gari. Lailatu tana ɗaura kallabi za ta tafi ofishinsa, sai ta ji sallama a ƙofarta. Abdoulaye ne, mahaifin Zara, da rawaninsa da sandarsa da ƙullin cuku a hannu. Ta ga ta wajen lungu ya ɓullo.

Suka gaisa yadda ya kamata, gida, dabbobi, ruwan bana. Ta shimfiɗa masa tabarma a rumfarta bayan madafa. Ya zauna, ya ajiye sanda, ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Mi na gani bayan katangarki?"

"Malam Abdoulaye, ba don ɗiyan suka zo ba. Ka ga abin can bisa tanki? Rezo suka biyo."

"Na sani. Ni ma ina da salula, ba daji nike kwana kullum ba." Muryarsa ƙasa ƙasa, ba faɗa a ciki, abin da ya fi tsorata ta ke nan. "Amma ba ni ɗaya na gani ba. Da mutanen garinmu muka sauko mota, ta nan muka biyo. Guda ya ce mini, nan ne ka kawo taka? Kahin in koma, magana ta riga ni gida."

Ya ɗago ya dube ta.

"Ke kika zo har bukkata kika ce in na ga namiji in ɗauki abata."

"Na ce."

"To, ta haɗa kayanta. Motarmu bayan la'asar take tashi."

Saura watanni kaɗan Zara ta yi jarrabawar fita. Lailatu ta san yadda abin yake tafiya, in yarinya ta koma gida da irin wannan magana ba ta dawowa. Kuma in aka ɗauki guda, ran kasuwa mai zuwa sauran iyayen suna tafe. Ta durƙusa, ita da ba ta taɓa durƙusa wa sa'anta ba.

"Ka ba ni zuwa la'asar. In la'asar ta yi da saura ko mutum guda a lungun can, ni da hannuna zan ɗaure mata kaya."

Ya dube ta, ya dubi tankin.

"Na ba ki. Amma abu guda. Kada yarinyar ta ji abin da ya kawo ni. Ban zarge ta ba, ba ni so ta zaci na zarge ta. In tahiya ta kama, ki ce uwarta ce ba lahiya."

"Ba ta ji."

"Ki rantse."

Ta rantse.

Da ta shiga ofis ta tarar an fara. Elhaji yana kan kujerarsa yana kaɗa ƙafa, Mohamed a tsaye da akwati ɗaya a hannu na nuni, malamai biyu a benci, Zara a gefe ta sha sabon mayafi. Tun safe tana aji, ba ta san wanda yake zaune a bayan madafa ba. Elhaji ya riga ya karkata, ana gani a fuskarsa. Antan tana aiki, ba haƙa, ba wahala, me ya rage? Ya ce delege ta yi magana.

Zara ta miƙe. Ta ce tun da aka buɗe makarantar nan ba a taɓa yin gwajin da mata suka wuce maza ba sai na makon jiya. Ta ce su ba su fita, ba su da lokacin karatu sai bayan an rufe ƙofa, in aka sa akwatuna a aji kawai to an sa wa maza ne, don da magariba ana kulle aji. Ta yi magana mai kyau, har malaman suna gyaɗa kai. Sai ta juyo da murmushi.

"Tanti ma tana tare da mu. Ta ce ba ta sauka."

Duk aka dubi Lailatu. Ta yi tunanin ta ja Elhaji gefe ta raɗa masa. Amma ta san Elhaji, mutumin kirki ne bakinsa ba ƙofa. Yana ji zai fita da babbar riga yana kiran Abdoulaye da ƙarfi yana ba shi haƙuri, kafin azahar duk makaranta ta san uban Zara ya zo ɗaukarta saboda maza. Ga kuma rantsuwa ko bushewa ba ta yi ba.

"A sauke ta," in ji ta.

Murmushin Zara bai tafi nan take ba, ya tsaya a fuskarta kamar ba ta ji da kyau ba.

Elhaji ya ce, "Don ƴan fadar nan? Haba Lailatu. Mohamed ya ce wata mai zuwa yana kawo wata na'ura, kowa da kod nasa."

"Sai su ara wa abokansu. Ka san ɗiyan yanzu."

"To, in sa mai gadi a lungun daga gobe."

"Ba gobe ba. Yau, kahin la'asar."

"Tanti," in ji Zara, "ko sau guda wani cikinsu ya taɓa yi mana magana? Ke shaida ce. Su yi laihi, mu a yanke mu?"

Gaskiya ta faɗa, kuma Lailatu ta san gaskiya ce, shi ya sa ba ta iya dubanta ba. Ta dubi Elhaji, ta ɗaga murya yadda ta saba, don in ta sassauta kuka ne zai fito.

"Ni ba dogon zance na zo yi ba. Ni na bi ƙauyuka na kawo ɗiyan nan, ni na san abin da na ce wa iyayensu."

Ɗaya malamin ya ce a yi sulhu mana. A sauke antan, a sa akwatunan, amma a kai guda ɗakin ƴan mata, kowa ya samu. Idon Zara ya kawo haske. Elhaji ya tafa hannu ya ce madalla, ya juya wurin Mohamed.

"In an sa guda a ɗakinsu, yana hita waje?" in ji Lailatu.

Mohamed ya sosa ƙeya. Da ma a ce ya yi ƙarya, da kowa ya huta, amma yaron ba maƙaryaci ba ne. "Tagar tana kallon lungu, Tanti. Zai ɗan hita. Ba nisa, sai wanda ya manne da bango zai samu."

Ta hango su a ranta, sun bar tabarma sun jeru a jikin bango, kafaɗa da kafaɗa, ƙarƙashin taga. Ai gara fadar.

"Ko guda."

"Lailatu, kin cika taurin kai!" in ji Elhaji.

Ta kwance bakin zanenta, ta ciro makullan, ta ajiye su a teburin Elhaji.

"Ko a sauke ta yanzu, ko ka nemi wata."

Elhaji ya kalli makullan, ya kalle ta. Haushi yake ji, ba ya son a ƙure shi gaban malamansa, kuma na ɗan lokaci ta zaci zai ɗauka ya jefa aljihu. In ya yi haka ta rasa aikin, ta rasa Zara, duka a tashi guda. Ya ja dogon numfashi, ya tura mata su da ɗan yatsa.

"Mohamed, je ka sauke. Akwatuna a aji da ɗakin karatu. An tashi."

Rana ta take sosai lokacin da Mohamed ya hau shato. Lailatu tana tsaye a ƙasa, Abdoulaye yana zaune a rumfa bai motsa ba. Da ya zare wayar, sai aka ji hayaniya ta bayan katanga. Wani ya ce rezo ya ɗauke, wani ya ce a jira zai dawo. Suka jira. Aka kira azahar suna nan, wasu sun tafi masallaci sun dawo sun sake zama. Lailatu tana kai da komo tsakanin madafa da ƙofa, tana duban inuwa, tana zaginsu a zuci. Ta ce wa Mohamed ya ɗauki antan ɗin a kafaɗa ya bi ta lungun da ita, su gani da idonsu. Ya bi. Aka yi masa ihu, aka tada moto ɗaya, sai na biyu. Mai butar shayi ne ya fi daɗewa, shi kaɗai, wai sai ya ƙarasa dahuwa ta uku. Ana gab da kiran la'asar ya naɗe tabarmarsa.

Abdoulaye ya tashi da sandarsa ya zagaya lungun. Ya dawo ya tsaya a bakin rumfa.

"Na gani. Yarinyar ta zauna. Zan biyo da mutanenmu ta nan in za mu mota."

Ba ta samu ta amsa ba, sai ga Zara ta fito daga aji. Idanunta sun kumbura. Tana ganin mahaifinta ta ruga ta durƙusa gabansa, tana gaishe shi tana kuka, gaisuwar da kukan suka cakuɗe. Ya tambaye ta me ya faru. Ta nuna tankin, ta nuna Lailatu.

"Baba, abin da muke karatu da shi ne ta sa aka cire. Jiya jiya ta ce tana tare da mu. Yau gaban mutane ta tozarta ni. Ka tambaye ta mi muka yi mata."

Lailatu ta dubi Abdoulaye. Ba ta roƙe shi ba, amma ta jira. Kalma guda daga bakinsa ta isa, ko ya ce shi ya nema, ba sai ya faɗi dalili ba. Ya gyara rawaninsa ya rufe baki, ya dubi wani wuri can bayan kanta.

"Ki bi abin da ta ce," in ji shi. Ya miƙa wa ɗiyarsa ƙullin cuku, ya sa mata albarka, ya ce mota tana jira.

Suka rage su biyu a tsakar gida. Zara ta share fuska da gefen mayafi, ta miƙe tsaye.

"In na faɗi jarrabawar nan, ke ce."

Maganar ta soki Lailatu har cikin ƙashi.

"Na ji," in ji ta. "Kai kayan babanki ɗaki."

Yarinyar ta wuce ta gabanta ba ta kalle ta ba, ta shiga ɗakin da aka zo fitar da ita daga cikinsa, ta maida ƙofa da ƙarfi.